Lambar Kaya: Abin da Ɗan Kasuwar Garwa Ya Kamata Ya Sani

Jama'a, a kasuwar Garwa har yanzu akwai masu rubuta "kaya iri-iri" a kan faktir, su buga hatimi, su ce sun gama. To, ma'aikacin duwan da na impo ba su san wani kaya mai wannan suna ba. Abin da suka sani shi ne lamba.

Tun 1988 Hukumar Duwan ta Duniya ta shimfiɗa tsarin da ya ba kowane irin kaya lamba mai alƙaluma 6, iri ɗaya a Duwala da Legas da Sin, sa'an nan kowace ƙasa ta ƙara nata a baya. Mu ɗauki audugarmu misali, tun da hedkwatar Sodecoton a nan Garwa take. Audugar da aka cire wa gurya tana ƙarƙashin 5201. Guryar kanta 1207 ce. In aka matse ta, man ya koma 1512, tunkuzar da muke ba shanu kuwa 2306. Gona ɗaya, lamba huɗu! Shinkafa 1006, albasa 0703, babur 8711.

Ina ruwan mai kanti da wannan lissafi? Ruwansa kuɗi ne. Gyaran da ƙasashen yankinmu suka yi a 1994 ya kasa kayan shigowa gida huɗu: kashi 5, 10, 20 da 30 cikin ɗari, kuma lamba ce ke nuna gidan da kaya zai faɗa. Haka harajin TVA, wanda Kamaru ta soma a 1999, ya kai kashi 19.25 a 2005: kayan masarufin da aka yafe wa shi, da lambobinsu doka ta jera su. Wanda ya sa lambar da ba ita ba, ko dai ya biya abin da ba a bin sa, ko kuma ranar bincike a ce ya ɓoye, a ɗora masa tara.

Ɗan tebur ba ya karɓar TVA, wannan ba ta shafe shi sosai ba. Amma Alhajin da ke sauke tirela daga Duwala, ko mai shigo da kaya daga Yola, kada ya sakar wa dillalin duwan komai. A ganina, kafin ya sa hannu ya kira yaronsa ɗan makaranta, su gwada lambar da ke takardar duwan da sunan kayan da ke faktir, layi bayan layi, don su ne takardun da akawu zai ɗauka ya cika bayanin harajin wata.