Daga Dala zuwa Gashaka-Gumti: Abin da magidanci zai sani kafin ya ɗauki iyali

Ga mazaunin cikin ganuwar Kano, in an ce dutse, Dala ko Goron Dutse ake nufi. Amma dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi, mai mita 2,419, yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti ne, wanda aka kafa a 1991 a jihohin Taraba da Adamawa.

Tafiyar ba ta yini guda ba ce. Mai mota kan bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, ya yada zango a Yankari, inda yara za su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Daga nan sai Gombe, Numan, Jalingo, Bali, har Serti, hedikwatar gandun.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna kan cika su datse hanya. Sanyin dare a kan tsauni ba na wasa ba ne, don haka guzurin barguna wajibi ne.

Babban abin lura shi ne tsaro. Kada a yi tafiyar dare, kuma kada a kafa tanti sai inda jami'an gandun suka nuna.