Hayaƙin Ma'aikatar Giya Da Karan Gonarmu

Kowace shekara bayan an yanke dawa, manyan motoci sukan cika kasuwannin hatsi irin su Dawanau ta Kano, da Giwa, da Saminaka. Manomi ya sayar, ya ƙirga kuɗinsa, ya koma gida. Ba kowa ne yake tambayar inda buhunan nan za su ba. Waɗansu za su zama tuwo da kunu, waɗansu abincin kaji, waɗansu kuwa ma'aikatun da ke yin giya da abin sha irin su Maltina ne suke saye.

'Yan'uwa, ba yabon giya ya sa muka ɗauko wannan magana ba. Kowa ya san koyarwar ekklesiyarsa a kan maye, zancen ko jam'iyya za ta sayar wa waɗannan ma'aikatu hatsi kuwa na membobi ne da dattawansu. Abin da ya kawo mu shi ne, ma'aikatun nan sun fara canja abin da suke hura wuta da shi, canjin kuwa yana iya isowa har bakin gonarmu. Gara ya same mu a shirye.

Yadda dawarmu ta shiga ma'aikata

An kafa kamfanin Nigerian Breweries a Ikko a 1946, ya kuma buɗe ma'aikata a Kakuri ta Kaduna a 1963. A zamanin nan da tsiron sha'ir ake aiki, wanda ake kawowa daga ƙasashen Turai a jirgin ruwa. A 1988 gwamnati ta hana shigo da shi, sai kamfanoni suka juyo kan dawa da masara. Irin dawar nan SK 5912, gajeren kaura da masu bincike na Samaru ta Zariya suka fitar, ya yi suna a wannan aiki. Daga baya an janye dokar, amma dawa ta riga ta sami wurin zama. Tun daga lokacin manomin arewa da ma'aikatar giya suka zama abokan ciniki, ko da shi ke sau da yawa dillali ne yake tsakaninsu.

Daga ina hayaƙin yake fitowa?

Duk macen da ta taɓa yin kunu da tsiro ta san rabin aikin. A jiƙa hatsi, a bar shi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a tace. A ma'aikata sai a tafasa ruwan da aka tace kamar awa guda, a sanyaya shi, a zuba yisti. Bayan wannan ga wanke kwalabe da ruwan zafi, ga kuma ɗumama abin da aka ɗura domin kada ya lalace. Dukan zafin nan daga tururi yake zuwa, tururin kuwa daga manyan tukwanen ƙarfe waɗanda ake hura wa wuta da baƙin mai, ko dizal, ko gas.

Sa'ad da aka ƙone mai, wata iska takan fita wadda ake kira iskar kabon. Ba a ganinta, ba ta kuwa da wari. Tana taruwa a sama, ta riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Masana sun tabbatar da cewa taruwarta ce take ƙara zafin duniya, ƙarin zafin kuma yana rikita tafiyar ruwan sama. Mai shuka da ruwan Allah ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da rikicewar damina take jawowa.

Dabarun da ma'aikatu suke bi

Na fari, ba sa barin zafi ya gudu. Tururin da ke tashi daga tukunyar tafasa ana kama shi a ɗumama ruwan dahuwa ta gaba, kamar uwargida da take ɗora ruwan wanka a kan sauran garwashi. Na biyu, iskar kabon da yisti yake fitarwa ana tara ta, a tsabtace, a mayar da ita cikin kwalba, ita ce take sa kumfa. Na uku, ruwan dauɗa ana zuba shi cikin rufaffen tanki inda ƙananan ƙwayoyi suke ruɓar da dattin, su fitar da gas mai cin wuta, a mayar da shi ƙarƙashin tukunya. Ma'aikatar da take lura da kyau takan kashe ruwa lita 3 ko 4 a kan kowace lita guda ta abin sha, alhali a dā akan kashe ninkin wannan. Kwalba kuma ana karɓo ta a wanke a sāke ɗurawa sau da yawa. A 2021 Nigerian Breweries ya kafa faranta masu ɗaukar hasken rana a rufin ma'aikatarsa ta Ibadan domin samun lantarki.

Dabarar da ta fi shafarmu ita ce ta canja makamashi. A 2019 kamfanin Diageo na Ingila ya ba da sanarwa zai kashe fam miliyan 180 a ma'aikatunsa na Afirka domin gyaran wuta da ruwa. Cikin aikin har da sababbin tukwane a Nairobi da Kisumu na ƙasar Kenya, da kuma Uganda, waɗanda ba mai suke ci ba, sai ragowar amfanin gona: ɓuntun shinkafa, da ɓawon kofi, da tuƙar rake, da ɓawon wani ɗan itace da ake kira makadamiya. Ma'aikatar Kisumu kuwa da dawar ƙananan manoma take aiki, mutane irinmu.

Me ya sa ƙona ɓuntu ya fi ƙona mai? Gama kabon da ke cikin ɓuntu shinkafa ce ta zuƙe shi daga iska a daminar bara, shinkafar bana kuma za ta sāke zuƙewa. Yana zagayawa ke nan. Na cikin mai kuwa ya daɗe a binne ƙarƙashin ƙasa, fito da shi ƙari ne a kan wanda yake sama.

Inda maganar ta iso gonarmu

In wannan hanya ta yaɗu, wata rana mota za ta tsaya a ƙauyenmu, ba dawa take nema ba, ragowarta take nema. A watan da aljihu ya bushe, ga kuɗin makaranta, wa zai ƙi a biya shi a kan abin da ya saba ƙonewa? Amma ba dukan ragowa ba ce shara. Sai mu rarrabe.

Ɓuntun shinkafa kamar kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyin shanshera. Yana da kaushi, dabba ba ta samun abin kirki a cikinsa, yana kuma daɗewa bai ruɓe ba. A bakin injin casa yakan taru tsibi tsibi, a cinna masa wuta ya yi ta hayaƙi kwana da kwanaki, yara suna tari. In an ɗebi na shimfiɗar ɗakin kaji, sayar da sauran riba ce ga kowa.

Karan dawa da na masara kuwa wata magana ce dabam. Kara da ganyen da aka bari kwance a gona suna rufe ƙasa daga zafin rana, suna tare iskar hunturu da ruwan farko kada su kwashe ƙasar sama. Gara ta ci, ta ruɓar, ta buɗe ƙofofin da ruwa zai shiga. Wanda shanu suka ci yakan dawo ta hanyar kashi. Harawar wake da ta gyaɗa ita ce abincin tumaki da awaki da rani. Gonar da ake share ta ƙal kowace shekara, ba a mayar mata da kome, takan yi fari, ta yi tauri, wuta-wuta ta mamaye ta, ko an zuba takin zamani ba ya kamawa kamar dā. In ma'aikata ta rage hayaƙinta da karan da ya kamata ya ciyar da ƙasarmu, ita ta sami suna, mu kuwa 'ya'yanmu su gāji fako.

Haka kuma in mai saye ya ce itace yake so. Sare kurmi domin a hura tukunya ba gyara ba ne, gama bishiyar da ta yi shekara talatin tana tara kabon za ta sake shi a yini guda.

Abin da ya kamata ya dawo mana

Mai yin giya zaƙin da ke cikin hatsi yake bukata. Yawancin abin gina jiki yana saura cikin dusar da aka tace. Kowace lita 100 ta giya takan bar ɗanyar dusa kimanin kilo 20, in an busar da ita kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki ne, watau ta fi hatsin kansa. Shanun tatsa, da tumakin kiwo, da aladu suna amfana da ita ƙwarai. Kaji sai kaɗan, domin tana da ɓawo da yawa.

Sai dai a lura. Kashi uku cikin huɗu na ɗanyar dusa ruwa ne, a zafin ƙasarmu kuwa cikin kwana biyu ko uku ta fara tsami da funfuna. Sai a baza ta siriri a kan siminti ko leda ana motsawa har ta bushe sarai, ko a danna ta cikin duro ko rami a rufe kada iska ta shiga. Wadda ta yi funfuna kada a ba dabba, a kai ta ramin taki. A fara ba dabbobi kaɗan kaɗan tare da ciyawa har cikinsu ya saba. Jam'iyyar da take nesa da ma'aikata ta yi lissafin kuɗin mota tukuna, kada ta biya kuɗin ɗaukar ruwa. Dusar masu kunu da masu koko na cikin gari ma haka ake yi da ita. Dabba ta ci, kashinta ya tafi gona, abin da dawa ta ɗauka daga ƙasa ya koma wurinsa ke nan.

Shawara ga jam'iyyu

A taronku na gaba, ku sa waɗannan cikin abubuwan tattaunawa:

1. Ku rubuta irin ragowar da kuke samu: kara, harawa, ƙaiƙayi, totuwa, ɓawon gyaɗa, ɓuntu. Ku yarda tun yanzu a kan wanda za a iya sayarwa da wanda ba zai bar gona ba.

2. Kada memba ya yi ciniki shi kaɗai. Mai saye yana jin maganar jam'iyya fiye da ta mutum ɗaya. Yarjejeniya ta zama a rubuce, magatakarda ya ajiye.

3. In kuna sayar wa ma'aikata ko wakilinta, ku nemi a sa dusa cikin cinikin, motar da ta kai kaya kada ta dawo wofi. Ku tambayi tokar tukunya kuma, a gauraya ta cikin ramin taki.

4. Ku daina cinna wa gona wuta bayan girbi. Ba daidai ba ne mu yi kukan hayaƙin ma'aikata alhali muna ƙone abincin ƙasarmu da hannunmu.

5. Ku ji ta bakin zumuntar mata, gama su ne suka san yawan karan da gida yake ci a murhu da dangar gida kafin wata kaka.

Mun tuna yadda Ubangijinmu, bayan ya ƙosar da mutum dubu biyar, ya sa almajirai suka tattara gutsattsarin har kwando goma sha biyu. Ƙasar da muke nomawa amana ce a hannunmu, za mu kuwa ba da lissafinta. Allah ya ba mu hikimar riƙonta, ya kai mu damina lafiya. Amin.