Lissafin Kowace Yamma

Ɗan'uwa mai saurare, an yi maka baftisma, madalla. Amma kada ka ce ka gama tuba. Baftisma sau ɗaya ake yi, tuba kuwa kullum ne.

Ɗan kasuwa ba ya kwana sai ya ƙirga cinikinsa. Haka Ikilisiyar Katolika take koya mana mu binciki zuciyarmu kowace yamma. Ka fara da godiya: wa ya ba ka lafiya da masu saye? Sa'an nan ka tambayi kanka: na tauye mudu yau? Na rantse a kan ƙarya?

Tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, cikin Luka sura 19. Da Yesu ya sauka gidansa, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya biya shi ninki 4.

Kai ma ka mayar da hakkin mutane, ka je wurin Fada ka furta zunubanka. Ranar kasuwa kowa ya san ta, ranar mutuwa sai Allah. Ubangiji ya same mu a shirye domin rai madawwami. Amin.