Janar Yakubu Gowon: Ɗan Wusasa Da Ya Sha Zuma Da Maɗacin Mulki

Duk wanda ya taso daga Gonin Gora ya haye gada zuwa tsakiyar Kaduna ya san titin Yakubu Gowon. To, yaranmu nawa ne suka san tarihin mai sunan?

An haife shi ran 19 ga Oktoba 1934. Iyayensa Angasawa ne daga Lur ta ƙasar Filato, aikin bishara ya kawo su Wusasa, Zariya. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa, ya shiga soja a 1954, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila. Ran 1 ga Agusta 1966, yana da shekara 31, ya zama shugaban ƙasa. A 1967 ya raba Nijeriya jiha 12, a shekarar kuma yaƙin basasa ya ɓarke.

Da yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, mutane da yawa sun zaci ramuwa za ta biyo baya. Sai ya yi shelar afuwa, ya ce ba wanda ya ci wani. A 1973 ya kafa shirin bautar ƙasa domin samarin Kudu da na Arewa su san juna.

Amma mulki zuma ne. Ya yi alkawarin miƙa wa farar hula mulki a 1976, sai ran 1 ga Oktoba 1974 ya ɗage. Ran 29 ga Yuli 1975, yana taro a Kampala, sojoji suka hamɓarar da shi. Tarihin Roma ma ya ga irin wannan: Yuliyas Kaisar ya ci yaƙin basasa, ya yafe wa abokan gābansa, amma da ya karɓi mulkin sai mutuwa, aka kashe shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu.

Gowon kam Allah ya ja kwanansa. Bai tara dakaru don ƙwato kujera ba. Ya koma aji a Jami'ar Warwick, ya sami digirin dokta. A 1996 ya kafa ƙungiyar addu'a ta Nigeria Prays.

Mu da rikicin 2000 ya raba mana gari, wasu kudu da kogi wasu arewa, muna bukatar afuwar nan ta 1970. Shugabanninmu kuma, na ikilisiya da na siyasa, su tuna da 1974: wanda ya yi alkawarin sauka, ya sauka.