Ƙananan halittun cikinmu da zancen ƙiba



A wurinmu in mutum ya yi jiki sai a ce ya samu hutu. Amma ƙiba in ta wuce kima tana jawo ciwon suga da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ita.

To mine ne haɗinta da hanji? A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta bila adadin da ido ba ya gani. Abincinsu shi ne dusar hatsi da zaren ganye da cikinmu ba ya narkarwa. In sun ci, sai su fitar da sinadaran da ke gyara hanji, su taimaka a ji ƙoshi.

A 2006 masana a Amurka sun ɗebi ƙwayoyin hanjin ɓeraye masu ƙiba suka sa wa wasu ɓeraye, sai waɗannan suka ƙara kitse. A 2010 aka gwada yaran wani ƙauye na Burkina Faso, masu cin hatsi da dawa da wake kamar mu, da yaran Italiya. Na ƙauyen sun fi yawan ƙwayoyi masu narkar da zare. A Sudan kuma, a 2012, matan da suka sha ƙaro giram 30 kullum har sati 6 sun ɗan rage kitse. Ɗan kaɗan fa, ba abin mamaki ba.

Ke nan abin da ake nema yana ƙofar gidanmu: kuka, zogale, wake, yakuwa, goribar Gulbin Kaba, da hurar da ba a cika mata suga ba.

Sai dai mu yi hattara. Yawancin gwajin ruwan itatuwa a kan ɓeraye aka yi shi, ba mutane ba. Shayin rage ƙiba na kasuwa galibi zawo yake sawa. Ruwa ke fita, kitse na nan. Ƴan uwa na waje, ku daina aiko shi don Allah. Kafso da muke saye a tebur ba izinin likita, shi ma yana kashe ƙwayoyin nan masu amfani.

Yara da masu ciki kuwa, kada a rage musu abinci da sunan gudun ƙiba. Wanda jikinsa ya yi nauyi, ya leƙa CSI a auna masa jini da suga.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.