Daga Hanyar Bakan Gizo Zuwa Burtalin Gezawa

Iyaye da yawa idan suka leƙa wayar yaro suka ga 'yan ƙananan motoci masu launi suna bin juna a guje, hankalinsu kan tsaya a kan motar ko a kan ɗan tsanan da ke riƙe da sitiyari. Masu ƙera irin wannan gem kuwa, mafi yawan guminsu a kan hanya yake zuba. Ita ce ke yanke inda za a taka totur da inda za a sassauta, inda na baya zai samu damar wucewa da inda na gaba zai yi kuskure. Hujjar da nake so in kafa ita ce hanyar tsere mai daɗi daga ƙuncin fili take fitowa, kuma mutumin Gezawa, wanda ya gaji noman ƙasar da ba a barin ko taƙi guda ya kwana banza, yana da idon gane wannan sana'a fiye da yadda ake zato. Har ma ina ganin ƙasarsa ta isa a zana ta a matsayin hanyar tsere.

Sai mu fara da asalin abin. Motar da ake magana a kanta 'yar ƙarama ce, ba rufi, ba ƙofa, gindinta kusan yana shafar ƙasa, mutum ɗaya take ɗauka. Wani makaniki mai suna Art Ingels ne ya haɗa ta farko a Kalifoniya ta Amurka a 1956. Shigarta gem da ƙarfi kuwa sai a watan Agustan 1992, lokacin da kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ya fitar da Super Mario Kart, ƙarƙashin Shigeru Miyamoto da daraktoci biyu, Hideki Konno da Tadashi Sugiyama. Kafin nan, a 1990, kamfanin ya yi wani gem na tsere mai suna F-Zero, mai dogayen hanyoyi da gudu na fitar hankali, amma mutum ɗaya ke buga shi. Suka so su yi wanda mutum biyu za su buga tare, a raba fuskar talabijin gida biyu, sama da ƙasa. Nan na'urar ta nuna iyakarta. Dabarar da take amfani da ita wajen nuna hanya ita ce ta ɗauki hoto guda shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, kamar tabarma, tana juya shi tana matso da shi a ƙarƙashin motar, sai idon mai kallo ya ga kamar tafiya ake yi. Da aka ce a yi wa mutum biyu wannan aiki a lokaci guda, dogayen hanyoyin F-Zero suka ƙi shiga. Dole aka naɗe hanya cikin ɗan fili, kwana na bin kwana, kamar yadda ake naɗe igiyar guga. Hanyar da ta cika kwana ba ta karɓar jirgi mai tsananin gudu, sai aka nemi motar da ta dace da ita, aka dira a kan 'yar ƙaramar nan. Wato hanya ce ta zaɓi motar. Gem ɗin ya fito da hanyoyi 20 da direbobi 8, kowane tsere zagaye biyar, aka sayar da fiye da kwafi miliyan takwas.

A dubi hanya ta ƙarshe a cikinsa, wadda suka kira Rainbow Road, wato hanyar bakan gizo. Falle-fallen launi ne a jere cikin baƙin sarari, ba shinge a dama ba shinge a hagu, kwanoninta kuma masu kaifi ne kamar kusurwar ɗaki. Akwai manyan duwatsu da ke ɗagawa sama su faɗo a tsakiyar hanya. Wanda ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, faɗawa zai yi cikin duhu, wani ɗan halitta da ke kan gajimare ya zo da ƙugiya ya ciro shi, kafin nan abokan tsere sun yi nisa. Babban abin da masu zanen suka yi don wannan hanya ta yi wuya ba ƙari ba ne, cirewa suka yi, suka ɗauke shingen. Ta kuma kama zukatan mutane har kowane babban Mario Kart da ya biyo baya sai ya zo da tasa hanyar bakan gizon. Misali na biyu ya fi wannan tsanani. A Mario Kart na 2003 mai suna Double Dash akwai Baby Park, da'ira ce mai siffar ƙwai, miƙaƙƙun sassa biyu da kwana biyu, shi ke nan. Saboda gajartarta zagaye bakwai ake yi maimakon uku da aka saba a lokacin. Tun tsere bai yi nisa ba na gaba ya riski na baya, ɓawon ayabar da wani ya yar a zagayen farko yana nan yana jiran mai shi a na biyu, ƙoƙon kunkurun da aka harba yana ta kai-komo. Ƙaramin goro ya fi babban dutse, domin wannan 'yar da'ira tana cikin hanyoyin da aka fi tunawa da su a tarihin gem ɗin.

In ana son ganin abin da yalwa ke yi, ga shaida ta kusa. A ranar 5 ga Yunin 2025 Nintendo ya fitar da Mario Kart World, direbobi 24 a tsere ɗaya, a cikin duniya mai faɗi inda ake tuƙi daga wannan fili zuwa wancan ta dogayen tituna. Na'ura ta yi ƙarfi, fili ya wadata. Ƙorafin da ya fi tashi daga masu bugawa ta intanet shi ne waɗannan titunan haɗin sun cika miƙewa da faɗi, suna so a mayar musu da zagaye uku a hanya ɗaya. Dalilin a bayyane yake. A miƙaƙƙen titi direba ba shi da shawarar da zai yanke, danna totur kawai yake yi. A kwana kuwa akwai tambaya: in shiga ta ciki in rage nisa amma in rasa gudu, ko in buɗe ta waje in fito da ƙarfi? In ajiye laimar kwaɗin nan mai ƙara gudu har sai na zo inda zan yanke ta cikin ciyawa, ko in kashe ta yanzu in wuce wannan da ya tare ni? Maimaita zagaye shi ke mayar da hanya karatu, zagayen farko a yi kuskure, na biyu a gyara, na uku a yi gwaninta.

To ina Gezawa ta shigo? Ƙaramar hukumar tana arewa maso gabashin birnin Kano, cikin yankin da masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'a da gonaki. Abin da ya ja hankalin masana shi ne ana noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, duk da haka tana bayarwa. Sirrin yana cikin tsari. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, kowanne da lokacin da zai tashi. Harawa da karmami na komawa ga tumaki da awaki, takinsu na dawowa gona, jakuna kuma sun daɗe suna ɗauko taki daga birni a mangala. Ba a sare gawo, domin yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ke neman ci. Ɗorawa da kuka da tsamiya kowacce tana tsaye ne da dalili, har sunayen mazaɓu irin su Gawo da Tsamiya Babba suna shaida matsayin itace a wannan ƙasa. A tsakanin gonakin kuma ga burtali, siririyar hanyar da aka bar wa shanu, an yi mata shinge da aguwa ko wani tsiro don kada dabba ta ratse cikin amfani. Burtali ba ya miƙewa yadda ya ga dama, iyakokin gadon mutane yake bi, ya karya nan ya lanƙwasa can, ya tsuke a inda wani ya ɗan ci gefensa, ya buɗe a kusa da rijiya ko mashaya. Irin matsalar da Konno da Sugiyama suka fuskanta ke nan, fili ƙayyadadde da buƙatar a fitar da hanya a cikinsa.

Mai hankali zai iya cewa wannan kwatance ado ne na marubuci, gona abinci ce, gem kuwa wasa ne. Gaskiya ne nauyinsu ba ɗaya ba, kuma tsukewar burtali a zahiri ba abin nishaɗi ba ne, tana cikin abubuwan da ke haddasa rigima tsakanin manoma da makiyaya. Amma ba darajarsu nake daidaitawa ba, hanyar tunaninsu nake nunawa. Duk hanyar tsere ana gina ta ne a kan abubuwa ƙalilan: ƙasar da ke saurin tafiya da wadda ke riƙe ƙafa, abin da ke tare hanya a kan lokaci, alamar da direba zai gani daga nesa ya san kwana ta matso, da yanken da ke da riba da haɗari tare. Yaron da ke tuƙa keke daga mazaɓar Tumbau zuwa kasuwar Gezawa ya san duk waɗannan da ƙafarsa. Ya san inda yashi ke kama taya da inda ƙasa ta daddale, ya san kukar da in ya gan ta zai fara rage gudu, ya san yanken da ake bi ta gona bayan an kwashe amfani, wanda da damina bin sa laifi ne, kuma ko da rani kunya-kunyar gonar sai ta jijjiga shi. A Mario Kart 64 na 1996 akwai hanyar Kalimari Desert inda jirgin ƙasa ke ratsa titi, dole wanda ya zo a mummunan lokaci ya tsaya. Gezawa ma tana da irin wannan, domin layin dogon Kano zuwa Nguru ta mazaɓarta ta Jogana ya bi.

Wani zai ce ai Nintendo ba ta isa ƙauyukanmu ba, shagunan gem ƙwallo aka fi bugawa a cikinsu, ga tsadar na'ura ga rashin wuta. Wannan ma haka ne. Sai dai salon ya riga ya tsallake na'urar da aka haife shi a kanta. Crash Team Racing ya zo a PlayStation tun 1999, Mario Kart Tour ya sauka a waya a 2019, kuma akwai SuperTuxKart, wanda kyauta ne, yana aiki a kwamfuta da wayar Android, sannan an bar ƙofarsa a buɗe kowa ya ƙera tasa hanyar da manhajar Blender, wadda ita ma kyauta ce. Ƙera mota da shata mata hanya kuma ba baƙon abu ba ne ga ɗan Bahaushe. Bayan an yanke dawa, yara kan fere kara su fitar da totuwa, su haɗa ta da sili-silin bayan karan su yi motar kara har da tayoyi, su ja layi a ƙasa da tsinke su ce nan ne titi, nan ne tasha. Tazarar da ke tsakanin wannan da Blender tazarar kayan aiki ce da malami.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tarbiyya. A gem mota na faɗawa rami a ciro ta cikin daƙiƙa uku, a titin Kano zuwa Gezawa kuwa wanda ya yi ganganci da babur ba mai ciro shi da ƙugiya. Akwai kuma lokacin da ake cinyewa a hana Islamiyya da aikin gida, da shagunan da wasa ke rikiɗewa ya zama caca. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma sa wa yaro iyaka haƙƙin iyaye ne. Abin da zan ƙara shi ne a duba abin da hanyar kanta ke ba wa lada. A hanyar bakan gizo mai gaggawa shi ke zuwa na ƙarshe, wanda ya haddace kwana ya san inda zai saki totur shi ke ci. Gem ɗin yana kuma ba na baya makamai masu ƙarfi ya ba na gaba masu rauni, har da shuɗin ƙoƙon kunkuru da ya fara fitowa a 1996, wanda ke tsallake kowa ya nemi na ɗaya. Gwanaye na jin haushin wannan, amma shi ne ke sa ƙane ya iya zama kusa da wansa su yi tsere ba tare da an san mai ci tun daga farko ba.

Abin da ya fi damuna yana wani wajen. Mario Kart Tour ya mayar da birane 14 na zahiri hanyoyin tsere, daga Tokyo da Landan da Paris har Bangkok da Madrid, babu ko ɗaya daga Afirka. Idan kuma aka zo zanen ƙasa mai zafi, abin da ake samu shi ne irin su Dry Dry Desert da Bone-Dry Dunes, rairayi da dala da ƙasusuwa, ba kowa ba komai. Ba na tuhumar masu zanen da mugun nufi, duniyar tatsuniya suke ginawa. Sai dai yaron da ya buga waɗannan sau ɗari yana iya ɗauka cewa ƙasa irin tasa fanko ce, alhali yana zaune a ɗaya daga cikin yankunan karkara mafi cika da mutane a Afirka ta Yamma. Hanyar da za a zana daga Gezawa za ta sha bamban da hamadar Nintendo ta kowace fuska. Za ta tashi daga bakin kasuwa a ranar cinta, tsakanin amalanke da buhuna, ta faɗa burtali inda mota biyu ba sa jerawa, ta bi ta ƙarƙashin ɗorawa, ta tsallaka dogo. Zagayen farko da damina, dawa ta yi tsawo ta rufe kwana har ba a ganin abin da ke gaba. Na biyu da kaka, an yanke kara an jingine shi, yanke ya buɗe ta cikin gonaki. Na uku cikin hunturu, hazo ya sauko, direba ba shi da jagora sai gawon da ya yi kore shi kaɗai a fili. Mai zanen zai daɗe a kan tambaya ɗaya kafin ya ja layin farko, wato faɗin da zai ba burtalin, kuma dattijan unguwa da Fulanin da ke bi da shanu ta nan su ne suka san inda iyakarsa take tun asali.