Daga Kalambaina zuwa Istanbul: neman tallafin karatu da wayar hannunka

Kowace shekara, daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, gwamnatin Turkiyya kan buɗe shafin Türkiye Bursları. Wanda ya dace, za a ɗauke masa kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya da tikitin jirgi, ga alawus duk wata, sannan a koya masa Turkanci na shekara guda. Cike fom ɗin kyauta ne. Matashin da ke zaune a Kalambaina, kusa da kamfanin simintin BUA, zai iya kammala shi da Tecno ɗin da ke aljihunsa, muddin yana da data.

Amma da yawa shagon kafe suke nufa, mai shago ya buɗe musu imel, ya riƙe kalmar sirrin. Nan ne ake tafka asara. Kiran intabiyu ta imel yake zuwa, kuma yana da wa'adi. In saƙon ya faɗa akwatin da ba ka iya buɗewa, sai dai ka ji labari. Buɗe Gmail da cikakken sunanka, ba irin su "sarkinyaki" ba, ka ɗaura shi da layin da ke cikin wayarka.

Sai takardu. Hoton satifiket a kan tabarma, ga inuwar hannu a gefe, ba ya burge kowa. Manhajar Google Drive tana da wurin sikanin da ke mayar da takarda PDF tsaf. Kafin ka ɗora, jera sakamakon WAEC ko NECO, NIN da fasfo ka duba: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa biyu, na iya jiƙa maka aiki, gyaransu kuwa ba na kwana ɗaya ba ne.

Turkiyya na neman wanda bai kai shekara 21 ba a digirin farko, da maki kashi 70 cikin ɗari. Likitanci kuwa kashi 90. Wanda ya gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana son digiri na biyu a Ingila, ya tari Chevening a watan Agusta, amma sai da gogewar aiki ta awa 2,800.

Shi ma kyauta ne. Duk wanda ya ce maka a WhatsApp ka turo kuɗin fom ta Opay, toshe lambarsa.